Yadda Ake Zaman Gida Irin na Faransawa: Iska, Ƙamshi da Ɗan Abin Taɓawa

Da an ce salon Faransawa, hankalin yawancinmu kan tafi ga kwalbar turare mai tsada da jaka mai tambari. Waɗannan kayan manyan shagunan Paris ne, kuma Faransawa da yawa su ma ta bayan gilashi suke kallon su. Abin da zai amfani uwargida shi ne wanda ake yi a gidajensu na yau da kullum, kuma shi bai cika cin kuɗi ba: kaya kaɗan masu nagarta, ƙamshi ɗaya a lokaci guda, da ba kowane ƙaramin abu lokacinsa, ko da shan gahawa ne. Mu da muka gaji turaren wuta da humra, ba ƙamshi za a koya mana ba. Abin da za mu ɗauka a wurinsu shi ne sanin inda ake tsayawa. Ga yadda za ki bi abin daki-daki.

Mataki na farko: buɗe taga, rage kaya

Kafin ki fesa komai ko ki kunna komai, iskar ɗakin ce farko. Al'ada ce a gidajen Faransa a buɗe tagogi da safe na kamar minti goma, ko da ana sanyi, a yaye bargo a bar katifa ta sha iska kafin a gyara gado. Turare a kan iskar da ta kwana da warin girki da gumi ba ya korar warin, cakuɗuwa suke yi su ba da wani abu daban.

Ki buɗe taga tare da ƙofar da ke fuskantarta don iska ta ratsa. Da bazara, daga bayan sallar asuba zuwa hantsi ne lokacin. Rana na fara zafi ki rufe, ki saki labule. Da hunturu kuwa, ranar da hazo ya sauko sosai minti biyar ya isa, sannan ki bi kan kaya da tsumma mai ɗan danshi, don busasshen tsumma tayar da ƙura kawai yake yi. Tagar da ba ta da raga kada ta kai magariba a buɗe.

Sai rage kaya. Ki zaɓi wuri ɗaya tak, ko kan madubi ko teburin tsakiyar falo, ki kwashe duk abin da ke kai, ki goge, ki mayar da abu biyu ko uku, sauran su shiga durowa. Furen robar nan da ya shekara yana tara ƙura ki sallame shi. Reshe ɗaya na ɗanyen fure ko ganye a cikin wankakkiyar kwalbar zuma ya fi shi kyau nesa ba kusa ba. Ki yanke gindin reshen a karkace, ki cire ganyen da zai nutse, ki riƙa canza ruwan kullum.

Mataki na biyu: sabulu da kayan shimfiɗa

Ƙamshin gida, kafin a kai ga turare, daga wankakken zanin gado yake farawa. Sabulun da ya yi suna a Faransa shi ne na Marseille, birnin da ke gaɓar Bahar Rum. A shekarar 1688, zamanin Sarki Louis na 14, aka kafa doka cewa da man zaitun za a yi shi, ban da kitsen dabba. Har yau na ainihin yakan zo a dunƙule mai kusurwoyi, kore idan na zaitun ne, fari-fari idan na wasu mayukan tsirrai ne, da hatimin 72% a jikinsa, wato yawan man da ke ciki. Sunan ya zama na kowa, ana buga shi a kan kwalayen da ba su taɓa ganin Marseille ba, don haka jerin kayan haɗin za ki duba. Na ƙwarai mai ne da ruwa da gishiri da soda, babu turare babu kala.

Ga yadda ake mayar da shi sabulun wanki na ruwa. Ki goga giram 40 a magogin kuɓewa, ki zuba a lita ɗaya ta ruwan zafi, ki yi ta juyawa har ya narke. Idan ya huce ki ɗura a gora. Zai yi kauri bayan kwana ɗaya, sai ki girgiza kafin ki zuba. Rabin kofin shayi ya isa wanki ɗaya. Wuyan riga da ya yi dauɗa kuwa, jiƙa shi za ki yi ki goga dunƙulen a kai, ki bar shi minti 15 kafin ki cuɗa. In ba ki samu na Marseille ba, duk sabulun sanda da ba a cika masa turare ba zai yi. Idan ruwan unguwarku mai zartsi ne, cokali ɗaya na ruwan khal a ɗaurayar ƙarshe zai hana kayan yin tauri.

Zanin gadon ya zama na auduga ko lilin, launi ɗaya mara hayaniya. Mai sheƙin roba yana da kyau a hoto, amma a watan Afrilu kwana a kansa azaba ne.

A kudancin Faransa, yankin Provence, ana noman wani fure mai launin shunayya da ake kira labanda. Gonakinsa na tudun Valensole sukan yi fure daga tsakiyar Yuni zuwa Yuli. Matan can sukan ɗinka busasshensa a 'yan jakunkuna su sa a tsakanin tufafi, don ƙamshi da kuma korar asu. Ki yanki ƙyallen auduga mai faɗin santimita 10 da tsawon 20, ki ninka biyu, ki ɗinke gefe biyu, ki zuba cokali uku na busasshen furen, ki ɗaure baki da zare. Duk lokacin da ƙamshin ya yi sanyi ki matsa jakar a tafin hannu, zai farfaɗo. Idan mansa kawai kika samu, ki ɗiga ɗigo goma a rabin kofi na ɗanyar shinkafa, ki bar ta ta kwana a rufe, sannan ki ɗura.

Akwai kuma abin da ke hannunmu. Saiwar jema da iyaye ke jefawa a randa 'yar'uwa ce ga ciyawar da masu haɗa turare a Faransa ke kira vetiver, wadda suke sayowa daga Haiti da tsibirin Java. Kamfanin Guerlain ya fitar da turare mai wannan suna a 1959, kuma har yau ana sayar da shi. Ki wanke jema, ki shanya ta bushe ƙarau, ki ɗaure 'yan dammai ki cusa a tsakanin zannuwan gado. A ganina, a ƙasa mai zafi ƙamshinta ya fi na labanda zama daidai.

Mataki na uku: turaren jiki

A nan za mu daɗe, domin nan ne kuɗi ya fi salwanta.

Cibiyar turaren Faransa wani ƙaramin gari ne mai suna Grasse, a kan tudu kusa da birnin Cannes a kudancin ƙasar. Asalinsa garin majema ne. Kowa ya san yadda jima take da wari, don haka tun ƙarni na 16 masu yin safar hannu ta fata suka fara turara kayansu don masu hannu da shuni su iya sawa. A hankali sana'ar fatar ta ja baya, ta turaren ta zauna. Ana tsinkar furen wardi a can a watan Mayu, na yasmin kuma daga Agusta zuwa Oktoba, da sassafe kafin rana ta taɓa shi. A 2018 UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa wannan gwaninta ta Grasse cikin jerin al'adun duniya da ake karewa.

Fara da karanta kwalba. Rubutun da ke ƙasan sunan turaren yana gaya miki yawan man ƙamshin da ke ciki. Parfum ko extrait shi ne mafi kauri, kamar kashi 20 zuwa 30 cikin ɗari. Eau de parfum yana bi masa da kamar 15 zuwa 20, eau de toilette 5 zuwa 15, sai eau de cologne da bai cika wuce kashi 5 ba. Mai kauri ya fi daɗewa kuma ya fi tsada, amma wannan ba ya nufin ya fi dacewa da kowane lokaci. Zafi yana tayar da turare da ƙarfi. Fesa uku na eau de parfum mai nauyi da tsakar rana a ɗakin da babu wuta yana iya sa wa mutanen gida ciwon kai.

Na biyu, turaren Faransa hawa uku ake gina shi. Abin da kika fara shaƙa, galibi ɓawon lemo ko ganyayyaki masu sanyi, cikin minti 15 zuwa rabin awa ya tafi. Sai na tsakiya ya fito, yawanci furanni ne kamar wardi da yasmin, ya yi 'yan sa'o'i. Na ƙasa shi ke kwana a jikin tufa: sandal, miski, ambar, jema da makamantansu. Wadda ta sayi turare saboda shaƙar farko a shago, hawan da zai fi saurin gudu ta biya wa kuɗi.

Don haka ga yadda ake gwaji. Ki je shago ba tare da kin shafa komai ba. Kada ki gwada fiye da uku, hanci yana gajiya. Ki fesa ɗaya a wuyan hannun dama, ɗaya a hagu, na ukun a cikin gwiwar hannu, ki yi sallama ki tafi harkokinki. Ki shinshina bayan rabin awa, ki sake bayan awa huɗu. Wanda har yanzu yake yi miki daɗi a lokacin shi ne naki. Fata ta bambanta, turaren da ya zauna a jikin ƙawarki yana iya yin tsami a naki. Idan akwai masu sayar da ɗuri a ƙananan kwalabe na mililita 5 ko 10, ki fara da wannan, ki yi mako da shi kafin ki sayi babba.

Game da jabu, araha ba ta ado. Turaren da ake sayarwa da tsada a ko'ina cikin duniya ba zai zo miki a kashi ɗaya bisa goma na kuɗinsa ba. Ki duba lambar da aka buga a gindin kwalba ki gwada da ta jikin kwali, dole su zama iri ɗaya. Ki duba ledar da aka naɗe kwalin, ta ainihi a matse take, ninkinta tsaf. Idan kuɗin bai kai ba, gara ƙaramin kamfani mai sunansa na gaskiya da jabun babban suna, don ba ki san abin da aka ɗura a ciki ba, kuma a fatarki zai zauna.

Wajen shafawa, bayan wanka ne lokacin. Busasshiyar fata ba ta riƙe ƙamshi, musamman da hunturu, don haka ki fara shafa mai mara ƙamshi, ko basilin ko tataccen man kaɗe. Ki riƙe kwalbar kamar taƙi ɗaya daga jiki, ki fesa a gefen wuya da wuyan hannu, fesa biyu, iyaka uku. Kada ki murza hannuwan da juna, ki bar shi ya bushe da kansa. Bayan ɗan lokaci za ki daina jin sa, kuma nan ne mutane ke kuskuren ƙarawa. Hancinki ne ya saba, na kusa da ke yana ji sarai. Farin yadi da siliki kada a fesa musu kai tsaye, yana barin tabo.

Ga inda al'adarmu da tasu suka rabu. Mu mukan turara kaya da turaren wuta, mu shafa humra, mu bi da na fesawa iri biyu. Hakan yana da nasa daɗin, ba na kushe shi. Amma turaren da aka gina hawa-hawa, in aka jibga masa wannan duka, ya zama kamar gidan biki da kowa ke magana lokaci guda, ba wanda ake ji. Ki raba musu rana. Ranar humra ta humra ce, ranar na Faransa ki sa tufar da ba a turara ba. Da yawa cikin Faransawa turare ɗaya suke riƙewa shekara da shekaru har a san su da shi. Idan ɗaya ya yi miki kaɗan, biyu sun wadatar: mai sanyi na lemo ko furanni don rana da bazara, mai nauyi don dare da hunturu. Na rana ba sai mai tsada ba. Eau de cologne da aka yayyafa a wuya da hannu bayan wankan la'asar yana sanyaya jiki, kuma tsohuwar al'ada ce a can. Wanda Guerlain ya haɗa wa Sarauniya Eugénie ta Faransa a 1853 har yanzu yana kasuwa.

Ajiya kuma, zafi da haske su ne abokan gabar turare. Jera kwalabe a kan madubi kusa da taga yana da kyau a ido, amma launinsu zai sauya, ƙamshin sama ya lalace. Ki mayar da kowace kwalba cikin kwalinta, ki sa a can cikin kabad inda ya fi sanyi. Banɗaki da cikin mota ba wurin turare ba ne.

Yawancin waɗannan turaruka da alkohol ake tsinka su. Malamai sun yi saɓani a kan hukuncinsa, kowa ya bi abin da ya natsu da shi. Wadda ba ta so, akwai na mai da na daskararren man shafawa, kuma a mataki na biyar akwai yadda za ki yi naki.

Mataki na huɗu: ƙamshin ɗaki

Dokar ɗaya ce, ɗaki ɗaya ƙamshi ɗaya, kuma bayan an sha iska. Akwai wata 'yar takarda da ake sayarwa a kantunan magani na Faransa tun 1885, mai suna Papier d'Arménie, ana yin ta a Montrouge da ke gefen Paris. Takarda ce da aka jiƙa da jawi, wannan dai da masu haɗa turaren wuta suka sani. Ana yago falle ɗaya, a nannaɗe shi lanƙwasa-lanƙwasa, a tsayar a kan ƙaramin faranti, a kunna gefe, a hure wutar nan take, a bar shi yana ci a hankali ba harshen wuta. Cikin 'yan mintuna ya ƙare. In babu ita, ɗan gutsuren jawi kamar ƙwayar wake a kan garwashi ɗaya zai ba ki kusan abu guda. Bambancin da turaren da muka saba shi ne yawa: ana so wanda ya shigo ya ji daɗin iskar, ba ya ga hayaƙi ba.

Kyandir mai ƙamshi shi ma yana da ƙa'ida. Kunnawar farko ki bar shi har saman ya narke ya kai bakin kofin ta ko'ina, in ba haka ba zai riƙa cin rami a tsakiya, rabin kuɗinki ya maƙale a gefe. Kafin kowace kunnawa ki datse lagwanin ya rage kamar rabin santimita, don dogon lagwani ke kawo baƙin hayaƙi. Kada ya wuce awa uku zuwa huɗu, kada a ajiye shi kusa da labule ko ƙarƙashin fanka, kada kuma a bar shi da yara. Gidan da ke da jariri ko mai asma, a haƙura da duk wani mai hayaƙi, a tsaya a jakar labanda da jema.

Mataki na biyar, ga mai haƙuri: kama ƙamshin fure a cikin mai

Wannan tsohuwar dabarar Grasse ce da masana'antu suka kusan daina yi saboda cin lokaci, amma a gida ba ta da wuya. Mai yana zuƙe ƙamshi, kuma furen yasmin yana ci gaba da fitar da ƙamshinsa ko bayan an tsinke shi. Ana buƙatar farantan tangaran biyu masu girma ɗaya, tataccen man kaɗe wanda aka cire wa warinsa, da bishiyar yasmin mai yawan fure. Masu sayar da shuke-shuke a bakin titi sukan samu.

Ki shafe cikin kowane faranti da man, kaurin kamar rabin santimita, ki zazzana shi da cokali mai yatsu. Da sassafe ki tsinko furannin da suka buɗe, ki tabbatar babu raɓa ko ruwa a jikinsu, domin danshi ke kawo fumfuna ya ɓata aikin duka. Ki jera su a kan man faranti ɗaya ba tare da kin danna ba, ki kife ɗayan a kai, ki ajiye a wuri mafi sanyi a gidan. Washegari ki tsince su tas, ki sa sababbi. A Grasse sukan maimaita har sau 25 ko fiye. A gida, bayan sau goma zuwa 15 za ki ji ƙamshin ya kama. Sai ki kankare man ki zuba a ƙaramin gwangwani mai murfi, ki riƙa shafawa a wuyan hannu da bayan kunne. Kada ki fara wannan a tsakiyar bazara, man zai narke furannin su nutse.

Mataki na shida: karin kumallo a zaune

Karin safen Faransawa ba shi da yawa: gahawa da madara, burodi da bota da jam, wato 'ya'yan itace da aka dafa da sukari har suka yi kauri. Masu karatu a Maraɗi, Damagaram, Yamai, Garwa ko Njamena ba sa buƙatar a yi musu bayanin dogon burodin nan mai ɓawo, tun zamanin mulkin mallaka ya zauna a garuruwansu. A Faransa dokar 1993 ta tanadi cewa burodin da za a kira na gargajiya asalinsa fulawa ne da ruwa da gishiri da yis, ba a daskarar da shi, ba a zuba masa sinadaran ƙari. UNESCO ta karrama sana'ar yin sa a 2022. Ana tsaga shi a tsaye, a shafa bota, a bi da jam. Wadda ke inda burodi mai sukari kaɗai ake samu, ta yanka shi ta gasa a busasshen kasko har ya yi ƙarau, ta rage jam ɗin.

Gahawar kuma, akwai butar gilashi mai matsewa da ake samu a manyan kantuna. Ma'aunin shi ne giram 60 na niƙaƙƙiyar gahawa mai tsakuwa-tsakuwa ga lita ɗaya ta ruwa, wato cokali biyu cike ga babban kofi ɗaya. Idan ruwa ya tafasa ki sauke, ki jira kamar rabin minti, ki zuba a kai, ki juya sau ɗaya, ki rufe. Bayan minti huɗu ki danna matsewar a hankali, ki tsiyaye duka nan take, don in ta zauna a kan tukar ɗaci za ta yi. Ki haɗa da madara mai zafi rabi da rabi. In babu butar, tukunya da matacin shayi mai laushi sun isa.

Burodin da ba shi da mai ko sukari kwana ɗaya yake yi ya bushe, kuma ba a zubar da shi. Ki kaɗa ƙwai biyu da kofi ɗaya na madara da sukari cokali biyu, ki tsoma yankakken burodin ya sha, ki soya a bota gefe-gefe har ya yi ja.

Sharaɗin duka shi ne zama. Minti 15 a kan kujera ko tabarma, da tire, wayar tana wani ɗakin. Uwar yara 'yan makaranta ta san wannan ba zai yiwu da ƙarfe bakwai ba. Ta ɗaga nata zuwa bayan an fita.

Mataki na bakwai: kek ɗin ƙarfe huɗu

Yaran Faransa suna da abin taɓawa na ƙa'ida wajen ƙarfe huɗu, idan an taso daga makaranta. Sau da yawa gutsuren burodi ne da cakulet a tsakiya. Akwai kuma kek ɗin yogot, wanda shi ne farkon abin da ake koya wa yaro gasawa, saboda ba ya buƙatar sikeli. Robar yogot ɗin ita ce ma'auni.

Ki juye ƙaramar robar yogot mara sukari, mai giram 125, a kwano. Kindirmo mai kauri ma ya yi. Ki wanke robar ki goge, ki auna sukari roba biyu, ki fasa ƙwai uku, ki kaɗa su tare. Ki tankaɗe fulawa roba uku da ƙaramin cokali biyu na bakin foda da ɗan gishiri, ki zuba. Sai man gyaɗa ko wani mai mara ƙarfin wari rabin roba, da gogaggen ɓawon lemun tsami ɗaya. Ki juya har gari ya ɓace kawai, yawan bugu yana sa kek tauri. Ki shafe gwangwani da mai, ki barbaɗa fulawa, ki zuba, ki gasa a zafin digiri 180 na minti 30 zuwa 35. Mai gashi a tukunya da yashi ta bar tukunyar ta yi zafi tukuna, ta rage wuta, kada ta buɗe kafin minti 25. Tsinken da aka soka a tsakiya ya fito a bushe, ya gasu. Ni sukari roba ɗaya da rabi na fi so, kuma washegari ya fi daɗi.

Mataki na takwas: abincin dare bi da bi

A 2010 UNESCO ta sa tsarin cin abincin Faransawa cikin jerinta, kuma ba wani girki guda aka karrama ba, zaman ne da jerin: ɗan abin buɗe ciki, babban abinci, cuku, sannan kayan zaƙi. Ba sai kin sauya tuwonki ba. Ki shimfiɗa ƙyalle mai tsabta a tebur ko a kan leda, ki juye ruwa ko zoɓo a butar gilashi maimakon a kawo gora, ki fito da abincin ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya a mako aka yi ya isa, kuma farantan da aka ɓoye don baƙi su fito, mutanen gida ma sun cancanta.

Abin buɗe cikin da ya fi sauƙi shi ne latas da miyarsa. Ma'auninta mai kashi uku, ruwan khal kashi ɗaya. Ki fara narkar da ɗan gishiri a cokali ɗaya na khal, saboda gishiri ba ya narkewa a mai. Ki sa ƙaramin cokali na mustad, wani kwaɓi mai ɗan yaji da ake sayarwa a kwalba, irin na garin Dijon na Faransa in da hali, da masoro, sannan ki zuba man zaitun cokali uku kina kaɗawa har ya haɗe. Lemun tsami yana maye gurbin khal. Latas ɗin a wanke shi ganye-ganye da kyau, a tsane shi sarai a ƙyalle, don miyar ba ta kama jiƙaƙƙen ganye. Sai an zauna za a zuba a juya, in ya jira zai yi laushi. Kayan zaƙin kuma yankakken mangwaro ko gwanda ya wadatar.

Mataki na tara: suturar zaman gida da shayin dare

Tufa ba ta buƙatar dogon bayani. Rigar nan mai ratsin fari da shuɗi da ake gani a jikin Faransawa asalinta kakin sojan ruwa ce da aka tsara a 1858, kuma darasinta shi ne launi biyu sun isa. Ki ware riguna biyu ko uku na auduga masu kyan ɗinki don zaman gida kaɗai, ba waɗanda suka tsufa aka yi musu ritaya ba, da ɗankwali ɗaya mai nagarta da ya shiga da dukkansu.

Bayan abincin dare, da yawa cikin Faransawa ba shayi mai hana barci suke sha ba, jiƙon ganye ne, kamar na verveine mai ƙamshin lemo ko furen bishiyar tilleul. Na'ana'a ko ciyawar nan mai ƙamshin lemun tsami da ake dasawa a tsakar gida za su tsaya a madadinsu. Ki wanke ɗanyen ganye cikin tafin hannu ɗaya, ki sa a buta, ki zuba tafasasshen ruwa kofi biyu, ki rufe don kada ƙamshin ya bi tururi, ki jira minti biyar zuwa bakwai. Ba a dafa ganyen a kan wuta, ba a kuma zuba madara. Mai son zaƙi ya sa rabin cokalin zuma bayan ya ɗan huce.